Jamshid Al-Kashi: Malamin Da Ya Bi Diddigin Digiri Ɗaya

A wannan makon za mu waiwayi rayuwar Giyasuddin Jamshid Al-Kashi, ɗaya daga cikin gwanayen lissafi da ilimin falaki a tarihin Musulunci. An haife shi a Kashan ta ƙasar Iran wajen shekarar 1380 Miladiyya, a zamanin yaƙe-yaƙen Sarki Taimur. A 1406 ya yi nazarin husufin wata a garinsu, daga bisani kuma Ulug Beg, jikan Taimur, ya gayyace shi Samarƙand, inda ya zama jigo a makarantar birnin da gidan duban taurarinsa.

Masana falaki na wancan zamani sun dogara da jadawalin jaibi, wanda ɗalibanmu ke kira sayin, wajen lissafin lokutan salla da alƙibla. Tushen jadawalin kuwa shi ne jaibin digiri ɗaya. Idan kusurwa ta ƙanƙance, jaibinta, wanda miƙaƙƙen layi ne, yakan yi kusan daidai da lanƙwasasshen gefen da'irar da ke fuskantar kusurwar. A da'irar da ke da kilomita ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, bambancinsu a digiri ɗaya bai kai milimita ɗaya ba.

Wannan kintace ya wadatar a ayyuka da dama, amma ƙaramin kuskure a tushe yakan yaɗu cikin jadawali duka. Saboda haka Al-Kashi ya ɗauki jaibin digiri uku, wanda aka riga aka sani, ya fito da hanyar maimaita lissafi wadda kowane zagayenta ke ƙara kusantar amsa, har ya samo jaibin digiri ɗaya da daidaiton da ba a taɓa kaiwa ba. A 1424 ya ƙididdige alaƙar kewayen da'ira da faɗinta zuwa gurbi 16, a 1427 kuma ya kammala littafinsa Miftahul Hisab. Ya rasu a Samarƙand a 1429.

Mu ma nan gida muna iya ganin nauyin digiri ɗaya. Daga Gwarzo ko Kabo zuwa Makka akwai tafiyar kimanin kilomita 3,500 a miƙe. Idan aka karkatar da harsashin masallaci da digiri ɗaya kacal, layinsa zai kauce wa Ka'aba da kusan kilomita 60. Malamanmu sun bayyana cewa wanda ke nesa, fuskantar sashen Ka'aba ya isar masa, don haka babu dalilin waswasi ga mai salla. Sai dai masu aza harsashi, waɗanda jama'a za ta bi sahunsu shekaru aru-aru, ya kamata su auna da kyau tun kafin a ɗora bulo.

Abin da ɗalibanmu za su koya daga Al-Kashi shi ne sanin inda kintace ya wadatar, da inda amana ke bukatar a bi diddigi. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.