Sir William Leishman: Likitan sojan da ya gano ƙwayar cutar da ƙyashi ke yaɗawa

Manomin da ya taso daga Tsiga zuwa asibiti a Funtuwa ko Malumfashi domin a auna jininsa, da wuya ya san cewa ɗaya daga cikin ruwan rinin da ake ɗigawa kan gilashin jinin yana ɗauke da sunan wani likitan soja da ya rasu tun 1926. Sunan likitan ne kuma aka laƙaba wa cutar Leishmaniya, wadda ke haddasa gyambo mai wuyar warkewa a ƙasashen Sahel, har da arewacin Najeriya da Nijar.

An haifi William Boog Leishman ranar 6 ga Nuwamba, 1865, a birnin Glasgow na Sikotland. Gado ya yi, domin mahaifinsa farfesa ne na ilimin karɓar haihuwa a Jami'ar Glasgow, inda shi ma ya kammala karatun likita a 1886. Shekara guda bayan haka ya shiga sashen kiwon lafiya na rundunar sojan Birtaniya, aka tura shi Indiya. Bayan dawowarsa Ingila a 1897 ya kama aiki a asibitin soja na Netley, inda ake kwantar da sojojin da suka kwaso cututtuka daga ƙasashe masu zafi.

A can ne ya haɗa rinin da ya fito da shi duniya. Kafin lokacin, rina jini domin a ga ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro aiki ne mai wahala da cin lokaci. Leishman ya sauƙaƙe hanyar, ya wallafa ta a 1901, kuma har yau ɗakunan gwaje-gwaje na amfani da ita.

A watan Nuwamba na 1900 wani soja da aka dawo da shi daga barikin Dum Dum, kusa da Kalkata, ya rasu a Netley bayan doguwar jinya. Zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ya rame, saifarsa ta kumbura ƙwarai. Mutanen Indiya na kiran ciwon kala-azar, wato baƙin zazzaɓi, likitoci da dama kuma suna ɗaukarsa wani mugun nau'i ne na zazzaɓin cizon sauro. Leishman ya ɗebi ɗan abu daga saifar mamacin, ya rina, ya duba a madubin likita, sai ya ga tarin wasu ƙananan halittu masu siffar ƙwai waɗanda bai taɓa gani ba.

Bai yi gaggawar shela ba. Ya adana abin da ya gani har 1903, lokacin da ya ci karo da makamantansu a jikin ɓeran da aka sanya wa ƙwayar cutar sammore. Sai ya wallafa bincikensa, yana zaton halittun ƙwayoyin sammore ne da suka lalace. Ya yi kuskure, amma kuskure mai kusa da gaskiya, domin dangi ɗaya suke. A shekarar ce Charles Donovan, likita a Madras, ya ga halittun a saifar marasa lafiya masu rai. Ronald Ross, wanda ya gano rawar sauro wajen yaɗa zazzaɓi, ya raba gardama: ya ce sabuwar halitta ce, ya haɗa sunayen likitocin biyu ya raɗa mata Leishmania donovani.

Ba a jima ba aka gane cewa 'yan uwan wannan ƙwaya ne ke haddasa gyambon fata. A 1911 wani likitan Faransa, Stévenel, ya ba da rahoton irin wannan gyambo a yankin Damagaram, ƙofar gidanmu ke nan.

Saura tambaya ɗaya: me ke kai ƙwayar jikin mutum? A 1921 masu bincike a Aljeriya, cikinsu har da 'yan uwan nan biyu, Edmond da Étienne Sergent, suka nuna cewa ƙyashi ne ke yaɗa ta fata. Ta saifa kuwa sai a 1942 aka tabbatar a Indiya, shekara 16 bayan rasuwar Leishman. Ƙyashi ɗan ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita uku ba, ba ya kuka kamar sauro, kuma tamatar ce ke cizo daga magariba zuwa asuba. Yana fakewa a tsagar bango, ramin ɓera, suri da turken dabbobi. Baya ga Leishmaniya, yana yaɗa wata ƙwayar bairos mai kawo zazzaɓin kwana uku.

Cizon kan fara da ɗan ƙurji a fuska, hannu ko ƙafa, ya buɗe ya zama gyambo, ya yi watanni, ya bar tabo. Wani sai ya ce sammu ne, alhali gwaji na iya nuna ƙwayar, kuma akwai magani. Ta saifa ta fi haɗari: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba kan mutu. Sudan, Habasha da Kenya na cikin ƙasashen da ta fi addaba.

Leishman bai tsaya nan ba. Ya gaji Almroth Wright a kujerar farfesa, ya inganta allurar rigakafin taifod, cutar da ta kashe dubban sojojin Birtaniya a yaƙin Afirka ta Kudu. Da aka yi wa sojoji allurar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɓarnarta ta ragu matuƙa. An ba shi sarautar Sir a 1909, ya kuma zama shugaban sashen lafiya na rundunar a 1923.

Yana kan wannan muƙami ajali ya riske shi ranar 2 ga Yuni, 1926, yana da shekara 60. An binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan.