Roberto Clemente: ɗan wasan da ya ƙi yarda a canja masa suna

A daren 31 ga watan Disambar 1972, lokacin da jama'ar tsibirin Puerto Rico ke shirin shiga sabuwar shekara, wani tsohon jirgin sama samfurin DC-7 ya tashi daga filin jirgin San Juan, maƙare da abinci da magunguna, ya nufi ƙasar Nikaraguwa. Ko nisa bai yi ba ya faɗa teku. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya tsira. Ɗaya daga cikinsu shi ne Roberto Clemente, mai shekara 38, wanda a lokacin yake cikin manyan 'yan wasan besbol na Amurka, wata uku kacal bayan ya cika bugu na 3,000.

Besbol ba wasan da aka saba da shi ba ne a ƙasar Hausa, don haka sai an ɗan yi bayani. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo da ƙarfi, mai bugu ya tare ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu da aka jera a fili. Idan ya isa tasha kafin abokan hamayya su kai ƙwallon can, an rubuta masa bugu ɗaya mai kyau. Idan ya kammala zagaye ya dawo inda ya fara, ƙungiyarsa ta sami maki. Abin da wuya ƙwarai: wanda ya yi nasara sau uku cikin goma gwani ne. Clemente ya yi shekara 18 yana wasa, kuma cikin kowane gwaji 1,000 ya yi nasara sau 317.

An haife shi ranar 18 ga Agustan 1934 a unguwar San Antón da ke garin Carolina, shi ne auta a gidansu. Mahaifinsa, Melchor Clemente, shugaban lebarori ne a gonar rake, mahaifiyarsa kuma Luisa Walker. Duk wanda ya san aikin auduga a Jazira ta Sudan ya san irin wannan gida: akwai abinci, akwai mutunci, amma babu rara, kuma yaro yana fara aiki tun bai gama mallakar hankalinsa ba. A makaranta Roberto ya yi fice wajen jifan mashi, kuma wannan hannu ne daga baya ya zama abin tsoro a filin besbol, inda yakan wurgo ƙwallo daga can ƙuryar dama ta riga mai gudu isa tasha. Gwaninsa tun yana yaro shi ne Monte Irvin, wani baƙar fatar Amurka da kan zo tsibirin wasa a lokacin hunturu.

A 1952 ya shiga ƙungiyar Santurce ta gida. A farkon 1954 ƙungiyar Brooklyn Dodgers, wadda ta fara sa baƙar fata Jackie Robinson wasa a babbar gasa a 1947, ta ɗauke shi da ladan sa hannu na dala 10,000. Sai dai ba ta sa shi cikin manya ba, ta tura shi reshenta na Montreal a Kanada. Nan saurayi ɗan shekara 19 mai jin Sifaniyanci kaɗai ya tsinci kansa a birnin masu Faransanci, cikin ƙungiyar masu Ingilishi, yana yawan zama a benci. Dokar gasar ta lokacin ta ce duk wanda aka ba ladan da ya haura dala 4,000 amma ba a sa shi a babbar ƙungiya ba, wata na iya ɗauke shi a ƙarshen kaka. Haka aka yi. A watan Nuwambar 1954 Pittsburgh Pirates, wadda ta ƙare a ƙarshen teburi, ta karɓe shi a kan dala 4,000. Samun ciniki mai araha kamar wannan a tarihin wasan zai yi wuya.

Ya fara buga wa Pirates ranar 17 ga Afrilun 1955, kuma bai taɓa barin ƙungiyar ba har mutuwarsa. Lambar da ta zama tasa ita ce 21, adadin haruffan cikakken sunansa, Roberto Clemente Walker.

Ɗan ƙasa, amma baƙo

Puerto Rico na ƙarƙashin Amurka tun 1898, kuma tun 1917 mutanenta ke da takardar zama 'yan ƙasa. Wato Clemente ɗan Amurka ne tun daga haihuwa, har ya shiga rundunar sojan ruwa ta ko-ta-kwana a 1958. Amma takarda daban, yadda ake kallon mutum daban. A garin Fort Myers na jihar Florida, inda ƙungiyar ke atisayen share fage, dokar wariyar launin fata ta hana shi kwana a otal ɗaya da fararen abokan wasansa, sai dai ya sauka a gidan wasu baƙaƙen fata a wata unguwa. Idan ana tafiya, fararen su shiga gidan abinci, baƙaƙen su jira a mota a miƙo musu. Clemente bai saba da wannan a gida ba, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Ya ƙi cin abincin da ake miƙowa, ya matsa har ƙungiyar ta ba baƙaƙen 'yan wasa motarsu daban don su nemi inda za su zauna su ci kamar kowa.

A Pittsburgh matsalarsa ninki biyu ce. A idon fararen birnin baƙi ne, a wurin baƙaƙen birnin kuma baƙo ne mai wani yare. 'Yan jarida sukan rubuta maganarsa harafi bi harafi yadda lafazinsa ya fito, don masu karatu su yi dariya, alhali yawancinsu ko gaisuwa ba su iya ba da harshensa. Sannan aka zo kan suna. Masu sharhi da marubuta suka ga Roberto ya yi musu nauyi, suka mai da shi Bob ko Bobby. Kamfanin Topps, mai buga katunan hotunan 'yan wasa da yara ke tarawa, ya riƙa rubuta Bob Clemente daga 1957 har 1969. Shi kuwa bai fasa gyara wa mutane ba, sunan da iyayensa suka raɗa masa shi yake so a kira.

Wannan ba zai zama baƙon labari ba ga Hausawan Mai Wurno da sauran ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu. Kakanninsu sun zauna a can tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma hanyar aikin hajji ce ta ajiye su, amma har yau a bakin mutane da yawa Fallata ne sunansu, an haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a kalma ɗaya. Wanda aka haifa a ƙasa, aka haifi ubansa a cikinta, kuma ake tambayarsa daga ina ya zo, ya san abin da ke cin Clemente.

An kuma yi masa tambarin mai ƙorafin ciwon ƙarya. Gaskiyar ita ce ya yi hatsarin mota a ƙarshen 1954 wanda ya bar masa ciwon baya har ƙarshen rayuwarsa, kuma kafin kakar 1965 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi har ya rame. Laifinsa shi ne idan an tambaye shi lafiya sai ya faɗi inda ke masa ciwo, abin da ba al'adar 'yan wasan Amurka ba ce a zamanin. Duk da zazzaɓin, a shekarar ta 1965 shi ya fi kowa yawan nasarar bugu a gasarsu.

Abin da ya yi a fili

Ranar 25 ga Yulin 1956, Pirates na bayan Chicago Cubs da 8 da 5 a zagayen ƙarshe, da mutum uku tsaye a tashoshi. Clemente ya buga ƙwallon ta tafi can jikin katanga ba tare da ta fita fili ba. Mutum ukun suka shigo, shi ma ya biyo su a guje. Kocinsa ya ɗaga masa hannu ya tsaya a tasha ta uku, ya ƙi, ya zarce ya zube a tashar ƙarshe, wasa ya tashi 9 da 8. Har yau babu wani a tarihin babbar gasar da ya rufe wasa da irin wannan bugu.

A 1960 Pirates ta doke New York Yankees a World Series, karawar ƙarshe ta fitar da zakaran Amurka, kuma Clemente ya yi bugu mai kyau a duka wasanni bakwai. Da 'yan jarida suka zo zaɓen gwarzon shekara, sai suka ba abokin wasansa Dick Groat, shi kuma suka ajiye shi na takwas. Abin ya yi masa zafi, kuma bai yi shiru ba. Amsar da ya fi bayarwa dai a fili take: ya zama zakaran bugu a 1961, 1964, 1965 da 1967, ya lashe kyautar gwanin tsaron fili sau 12 a jere daga 1961 zuwa 1972, sannan a 1966 aka ba shi kambun gwarzon shekarar da ya daɗe yana ganin an hana shi.

Bakinsa bai tsaya kan kansa kaɗai ba. Ya san Martin Luther King, har ya taɓa karɓar baƙuncinsa a Puerto Rico. Da aka kashe King ranar 4 ga Afrilun 1968, Clemente na cikin 'yan wasan Pirates da suka tsaya kai da fata ba za su buɗe kakar wasa ba sai an yi jana'iza, kuma dole aka ɗage. Ranar 1 ga Satumbar 1971 kuma yana cikin mutum taran da Pirates ta fito da su, dukansu baƙaƙen fata ko 'yan Latin Amurka, karo na farko a tarihin gasar.

Wata guda bayan haka aka yi World Series da Baltimore Orioles. Yana da shekara 37, ya sake yin bugu mai kyau a duka wasanni bakwai, ya fitar da ƙwallo waje a wasan ƙarshe da suka ci 2 da 1, aka zaɓe shi gwarzon karawar. Da aka miƙa masa makirufo a gaban miliyoyin masu kallon talabijin, bai fara da Ingilishi ba. Ya fara da Sifaniyanci, ya nemi albarkar mahaifinsa da mahaifiyarsa da ke kallo a Carolina, sannan ya juyo ga mai tambaya. Maganar ba ta fi 'yan daƙiƙu ba, amma a gidajen masu wannan harshe ta fi ƙwallon da ya buga daɗewa a zukata.

Ranar 30 ga Satumbar 1972, a filin Three Rivers, ya buga wa Jon Matlack na New York Mets ƙwallon da ta kai shi tasha ta biyu. Bugu na 3,000 ke nan. Shi ne na 11 da ya kai wannan adadi, kuma na farko daga Latin Amurka. Lissafinsa ya tsaya a nan cif.

Managua

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Clemente bai bari ba. Kowane hunturu yana komawa tsibirin, yana koya wa yara wasa kyauta. A can ya auri Vera Zabala a 1964, a can aka haifi 'ya'yansu uku. A ƙarshen 1972 ya jagoranci tawagar Puerto Rico zuwa wata gasar duniya a Nikaraguwa, ya yi makonni a can, ya yi abokai.

Ranar 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin ƙasar, dubban mutane suka mutu. Clemente ya shugabanci kwamitin tara gudummawa a Puerto Rico, ya kwashe ranakun Kirsimeti yana karɓar kaya da kuɗi. Aka tura jirage uku. Sai labari ya dawo cewa jami'an gwamnatin Anastasio Somoza na karkatar da kayan kafin su isa hannun mabuƙata. Ya yanke shawarar bin jirgi na huɗu da kansa, bisa tunanin cewa idan yana tsaye a wurin ba wanda zai iya taɓa kayan.

Jirgin da aka samu haya yana da tarihin matsalar inji, an yi masa lodi fiye da ƙima da kusan tan biyu, kuma babu cikakkun ƙwararrun ma'aikata a cikinsa. Ya tashi bayan ƙarfe tara na dare, inji ya lalace, ya faɗa ruwa daf da gaɓa. Jama'a suka cika bakin tekun Piñones kwana da kwanaki suna jira. Abokin wasansa Manny Sanguillén, ɗan Panama, bai je taron addu'ar da aka yi masa ba, ya zaɓi ya riƙa nutso yana neman gawar. An sami ta matuƙin jirgin. Ta Clemente ba a same ta ba.

A ƙa'ida sai ɗan wasa ya yi shekara biyar da barin fili kafin a sa shi a zauren girmama gwarazan besbol da ke Cooperstown a jihar New York. An jingine masa wannan sharaɗi, aka zaɓe shi a watan Maris na 1973, ya shiga a shekara ɗaya da Monte Irvin, gwaninsa na yarinta. Pirates ta ajiye lamba 21 ba mai sake sa ta, hukumar gasar ta sa sunansa a kyautar da take bai wa ɗan wasan da ya fi hidima ga jama'a duk shekara, kuma akwai gada mai sunansa a Pittsburgh.

Ko a Cooperstown ɗin ma sai da aka taɓa sunan. A al'adar masu Sifaniyanci sunan dangin uba ke zuwa da farko, na uwa ya biyo baya. Waɗanda suka zana allon tagullarsa sun juya su, suka rubuta Roberto Walker Clemente. Haka allon ya zauna a bango shekara 27, sai a 2000 aka sake zuba wani da ke ɗauke da Roberto Clemente Walker.