IMAM UMARU SALAGA: BAKANON DA HANYA TA TAFI DA SHI



Shekaranjiya bayan La'asar wani matashi cikin masu bi na sallah ya miƙo min waya. Bidiyon wani Bature ne da ya mayar da ƙaramar bas ɗakin kwana, da gado da risho a ciki, yau yana wannan ƙasa gobe waccan. Yaron ya ce shi ma zaman nan ya ishe shi, so yake ya sayar da kasonsa na gonar gādo ya kama hanyar Agadas.

Ban yi masa faɗa ba. Mu nan yankin Ɗambatta mun san halin da ake ciki. Gona kan gona, gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonsa, da an kai gero rumbu kuma samari sun tafi cirani. Sai na ba shi labarin wani Bakano da ya riga shi son tafiya.

Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru Salaga, Allah ya jiƙansa. A Kano aka haife shi wajen shekarar 1858, asalin gidansu kuma Kabi. Mahaifinsa bafatake ne mai zuwa Gwanja sayo goro, tun yana yaro ya riƙa bin sa. Wannan tafiya ce ta watanni a ƙasa, ayari da jakai, madugu a gaba, daga zango sai zango.

Amma fa duk da fataucin bai ajiye littafi ba. Ya yi karatu mai zurfi a Sakkwato, tun yana matashi ya wallafa littafin Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ya ratsa ƙasashen Dendi da Mosi da Gurunsi, ya yada zango a Salaga, babbar kasuwar goro, a ƙasar Gana ta yau. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, daga baya ya koma Kete-Kirachi da ke hannun Jamusawa a lokacin, ya zama limamin garin, almajirai na zuwa masa daga nesa.

A can ne wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wajensa. Malam ya rubuta masa da ajami abin da idonsa ya gani a ƙasar Hausa: garuruwa, sana'o'i, kasuwanni, sarauta. Har yau masu bincike na dogara da rubutun nan. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan talauci da kan zuwan Nasara, ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙais zuwa Hausa. Ni da na sha wuyar waƙoƙin Jahiliyya a jami'a, wallahi na san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wajen 1913 ya tafi Hajji, sai bayan kimanin shekara biyar ya dawo. Ya rasu a Kete-Kirachi a 1934, nesa da Kanon da aka haife shi. Tsohon garin ma ruwan tafkin Bolta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo. Gari ya nutse, rubutun Malam yana nan ana karantawa.

To, abin da na gaya wa yaron nan, shi nake gaya muku. Son tafiya ba laifi ba ne, jininmu ne, Musulunci ma har rangwamen sallah da azumi ya yi wa matafiyi. Sai dai Malam Umaru ya fita da jari biyu a hannu, sana'a da ilimi, shi ya sa duk inda ya sauka aka shimfiɗa masa buzu. Kai me za ka riƙe? In ka sayar da gonar, ina za ka dawo in hanya ta ƙi? Mahaifiyarka ta yarda kuwa?

Na ce masa ya jingine maganar sayar da gona, ya kammala koyon gyaran babur ɗin da ya fara, ya nemi albarkar tsohuwa, sannan mu sake zama. Ya ce zai yi tunani. Ku sa shi a addu'a.

Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya dawo da su lafiya. Amin.