LIKITA MILA NA ZARIYA, 1872–1952

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a ƙasar nan, ko ya zauna ofis yana rubuta Hausa da baƙaƙen boko, ya kamata ya san labarin Likita Mila, ko da addininsu ba ɗaya ba ne. Ainihin sunansa Walter Miller. An haife shi a Ingila cikin 1872, ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew na birnin Landan. Da ya so, da ya zauna ƙasarsu ya tara abin duniya.

Amma a zamanin samartakarsa wata farkawa ta shigo cikin Kiristan Ingila. Tun 1875 a kan yi taro kowace shekara a wani gari wai shi Keswick, inda masu wa'azi su ke koyar da cewa zuwa majami'a ran Lahadi kaɗai ba ya kusantar da bawa ga Ubangijinsa. Mai neman zumunci da Allah, a koyarwarsu, sai ya miƙa kansa ɗungum, ya keɓe asubarsa domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya tuba da zarar ya yi kuskure, ya kuma tafi duk inda aka aike shi ba tare da ya tambayi riba ba. Da yawa daga samarin da suka shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. a shekarun nan wannan ruwa suka sha, Mila kuwa irin zubinsu ne. Wanda bai riƙe wannan ba, zai ɗauki sauran labarin taurin kai ne kurum.

Cikin 1898 aka aike shi Tarabulus ya koyi Hausa wurin fatake da alhazai da su ke zaune can. A nan ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, wanda daga baya ya zama na hannun damansa wajen fassara. Cikin 1900 su biyar suka nufo Kano, Bishop Tugwell ne shugabansu. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fara'a, amma Sarkin Kano Alu bai ko saurare su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya. Ɗayansu, Ryder, ya rasu a can, wani ciwo ya mai da shi gida, wuta kuma ta ci masaukinsu. Tafiyar da aka yi ta yayatawa a Ingila ta watse ba su sami ko mutum guda ba.

Mila bai daddara ba. Ya komo cikin 1902, zuwa 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani, ya tara yara a gidansa, waɗansunsu bayi ne da aka 'yanta, yana ci da su, yana koya musu karatu, safe da maraice ana addu'a tare. Ya kai wa Gwamna Lugga shawarar a kafa makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai. Ta malaman an gwada ta, ba ta yi ƙarko ba, don mutane sun tsorata da wa'azin da ke tattare da karatun. Daga ƙarshe gwamnati ta ɗora aikin a kan Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai, asalin sana'armu daga Nasarawa ya ke. Tunanin Mila ya riga, amma wani ne ya ci girbin.

Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka bi shi ana ƙidaya su da yatsu. To, a nan ne mu ke ganin an gwada mutumin. Addu'a ba ta da wuya ran da gona ta yi kyau. Abin tambaya shi ne ko mutum zai tashi da asuba ya buɗe littafinsa a shekara ta goma, alhali tara da suka wuce ba su kawo kome ba. Shi ya tashi. Hanyar da ya riƙe kuwa ita ce fassara: ya ɗauki aya guda, ya juya ta, ya tambayi malamai ma'anar kalma, ya rubuta, ya soke, ya sake. Ga mai bi irinsa wannan ba aikin ofis ba ne, zama ne gaban Ubangiji da alƙalami a hannu.

Sai cikin 1913 waɗansu baƙi suka sallama masa, su ne Isawa. Labarinsu ya girmi zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya tsananta bincike a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai a kan girmama shi da jiran dawowarsa. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa wajen 1867. Almajiransa suka warwatsu, waɗansu suka nufi wajen Ningi. Mu mutanen Dutse da Aujara da Birnin Kudu, in an ce Ningi, hare-haren Ningawa da kakanninmu suka ba mu labari su ke faɗo mana a rai. Ba kowa ya san duwatsun nan sun ɓoye masu neman Allah irin waɗannan ba. Shekara arba'in da 'yan kai suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu, ba Bature, ba Linjila a hannu. A ganinmu nemansu bai gaza na Mila ba. Shi ya ƙetaro teku da kuɗin ƙungiya a bayansa, su kuwa ba su da kowa.

Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu aka sama musu wurin zama a Gimi, ƙasar Zazzau, su yi noma, su yi sujada tare. Gari ya fara kyau, sai ciwon barci ya shigo, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Ya kashe mutane da yawa, tilas aka tashi, aka kwaso marayu aka kawo Zariya. Likita ne, ga mutanen da ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi, ga shi suna mutuwa maganinsa bai tsai da ciwon ba. Bai rufe gida ya koma Ingila ba. Ya reni yaran.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Bai yi wa Musulunci adalci cikin rubuce-rubucensa ba, ya kuma yi ta kai ƙarar sarakuna wurin Turawa. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mashahurin mawaƙin nan, ta ɓaci ƙwarai, ƙorafinsa kuma yana cikin abin da ya jawo aka tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja. Razdan-razdan ma ba su sha daɗinsa ba. Mai yawan ibada ya kan ɗauka duk abin da ya gani shi ne daidai, Mila bai tsira daga wannan ba.

Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni aka mai da shi Wusasa, ba da son ransa ba. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai. Shi kuwa ya duƙufa kan fassara tare da malaman Hausa da 'yan sauran ƙungiyoyin mishan, har cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Shekara talatin da huɗu ke nan tun ran da ya fara koyon harshen a Tarabulus.

'Yan yaran nan da ake ƙidayawa da yatsu, daga cikinsu da zuriyarsu aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Malam John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ɗaya daga Isawan nan, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a makarantar Wusasa ya fara karatu.

Mila ya ajiye aikin C.M.S. cikin 1935, ya koma Ingila, zama ya gagare shi, ya sake dawowa ƙasar nan. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru yana rubuce-rubuce. Ya rasu cikin 1952 yana da shekara tamanin, aka binne shi a Jos.