Ibrahim Narambaɗa: Makaɗin fada da waƙarsa ta fi ƙarfin zamani

Cikin makaɗan fada da ƙasar Hausa ta yi a ƙarni na 20, ba a cika samun wanda manazarta suka taru a kan fifikonsa ba kamar Ibrahim Narambaɗa. An haife shi a ƙarshen ƙarni na 19 a Tubali, garin da a yau yake cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara. Ana kiran mahaifinsa Maidangwale. Laƙabin Narambaɗa kuwa, kamar yadda aka ruwaito, ya samo shi ne daga wata karya da yake da ita mai suna Rambaɗa.

Da kiɗan noma ya soma, yana zuga manoma a gayya. A nan ya goge da sanin yadda ake motsa zukatan maza da magana. Daga baya ya koma kiɗan fada, ya riƙi kotso, gangar da ake rataya a kafaɗa a kaɗa da hannu, wadda sarakuna kaɗai ake yi wa.

Ubangidansa shi ne Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa, wanda ya hau sarauta a 1935. A wancan zamani, wajibin makaɗin fada ne ya san asalin gidan sarauta, ya ɗaukaka ubangidansa, ya kuma yi wa abokan hamayya zambo da habaici. Narambaɗa ya yi duk wannan, amma ya ƙara da abin da ba kowa ke iyawa ba. Yakan ɗauko giwa da zaki da kura, ko gulbi da ruwan sama, ya gina hoton mulki da su, har yabon mutum ɗaya ya zama nazari kan ƙaddara da haƙuri da juyin duniya. Waƙarsa da ake kira Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarki Amadu, ita ce ƙololuwar wannan fasaha, har sunan nata ya zama abin da ake kiran fitacciyar waƙar kowane mawaƙi da shi.

Ba a takarda yake tsara waƙa ba. Shi da 'yan amshinsa ke daidaita gindin waƙa da ɗiyanta, su haddace, kana su fito gaban sarki. Sunansa ya wuce Isa, ya yi wa Sarkin Zamfaran Zurmi waƙa, ya kuma kai har fadar Sarkin Zazzau Ja'afaru. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

Abin da ya rage na muryarsa shi ne ɗan abin da aka samu naɗewa, wanda gidajen rediyo suka yaɗa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, ana kuma nazarinsa a jami'o'i. Sai dai waƙoƙin nasa cike suke da tsohuwar Hausar Gobir da Zamfara, wadda matasan birni ba su cika ganewa ba, ga dattawan da suka san mutanen da ya ambata suna ƙarewa, ga rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyukan yankin. Matuƙar ba a tattara fashin baƙinsu daga bakin waɗanda suka rage ba, za a wayi gari ana jin daɗin kiɗan, ma'anar kuwa ta bi masu ita.