Alhasan Alwazzan, yaron da ya bi kawunsa zuwa Tumbutu

A ƙasar Ispaniya akwai wani birni da ake kira Garnada. Musulmi sun daɗe suna mulkinsa, har ran 2 ga watan Janairu na 1492, sa'ad da sarakunan Kirista suka karɓe shi. A wannan birni aka haifi Alhasan ɗan Muhammadu, wajen shekarar 1488. Ana kiran gidansu Alwazzan, wato mai awo. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka kwashe kayansu, suka haye teku, suka sauka a Fas ta ƙasar Maroko. Wannan ita ce tafiyarsa ta farko, kuma ba da son ransu suka yi ta ba.

A Fas ya yi karatu. Ya koyi Alƙur'ani da nahawu da fiƙihu da waƙa wurin malaman birnin, inda babban masallacin Ƙarawiyyin yake tun shekarar 859. Yana ɗalibi ya yi shekara biyu yana aikin magatakarda a wani gidan jinya na marasa lafiya da masu taɓin hankali, ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan ya saba da riƙe alƙalami yana rubuta abin da idonsa ya gani.

Da ya kai shekara 16, sarkin Fas ya aiki kawunsa jakada zuwa Tumbutu, wadda a lokacin take ƙarƙashin Askiya Muhammadu, sarkin Songai. Kawun ya ce yaron ya shirya su tafi tare. Yara, ku dubi taswira ku ga nisan wurin. Sai an hau duwatsun Atlas, an gangara, sannan a shiga hamada a kan raƙumi, tafiyar wajen wata biyu.

Tun ba su shiga hamada ba aka gwada Alhasan. Wani basarake na can ya ji labarin jakadan, ya aiko yana gayyatarsa. Kawun bai so ya bar hanya ba, sai ya aiki yaron a madadinsa da tsaraba da wata waƙar yabo da ya tsara. A kan hanya Alhasan ya zauna shi ma ya tsara tasa. Aka karɓe shi, aka kawo gasasshen naman rago da kuskus, wani abinci mai kama da dambunmu. Bayan an ci an sha, ya miƙe ya karanta waƙoƙin. Basaraken ba ya jin Larabci, magatakardansa ne yake fassara masa, amma abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Da safe ya ba yaron doki da dukat 50. Dukat ƙwandalar zinariya ce ta wancan zamani. Ku yi tunanin farin cikin ɗan shekara 16 da ya koma wurin kawunsa a kan dokin da ya samu da bakinsa!

Hamada kuwa ta koya masa darajar ruwa. A wani wuri ya ga kaburbura biyu da rubutu a kan dutsensu. Ɗaya na wani attajiri ne, ɗaya na mai jan raƙuma. Ƙishirwa ta kama attajirin, ya sayi moɗa ɗaya ta ruwa wurin mai raƙuman a kan dukat 10.000. Ruwan bai ishe shi ba, shi kuma mai sayarwan ya rasa na sha. Su duka biyun suka mutu a wurin.

Akwai kuma ranar da wani shugaban makiyayan hamada ya tare ayarinsu. Bayan sun biya kuɗin hanya, sai ya ce su zo zangonsa su ci abinci. Fatake suka ce suna sauri. Ya sa aka kora raƙumansu zuwa can, dole suka bi. Ya yanka musu raƙuma da tumaki da jiminu, aka gasa, aka kawo da gurasar hatsi. Alhasan ya lura mai gidan bai taɓa gurasar ba, nama da madara kawai yake ci. Ashe hatsi ba ya fita a ƙasarsu, saye suke yi su ajiye don baƙi, su kuwa sai ranar salla suke ɗanɗana shi. Kwana biyu ya riƙe su, abin da ya kashe a kansu ya ninka kuɗin hanyar da ya karɓa sau da yawa.

A Tumbutu ya ga alƙalai da limamai da malamai masu yawa, sarki yana ɗaukar nauyinsu. Ya ga hatsi da dabbobi da madara da man shanu a wadace, amma gishiri yana da tsada, don daga Tagaza ake ɗauko shi, can cikin hamada. Kayan raƙumi ɗaya ya kai dukat 80. Ƙananan saye-saye da wuri ake yinsu, wuri 400 a bakin dukat ɗaya. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne littattafai. Ana kawo su rubutun hannu daga arewa, kuma ribarsu ta fi ta kowace haja a kasuwa.

Da ya girma sai ya zama jakada shi ma, ya ci gaba da yawo. A cikin abin da ya rubuta daga baya akwai labarin ƙasarmu. Ya ce Agadas birni ne mai ganuwa, cike da fatake baƙi, kuma sarkinta yana biyan sarkin Songai harajin dukat 150.000 a shekara. Ya ce a Gobir akwai masaƙa da dukawa masu yawa, takalmansu har Tumbutu da Gawo ake kai su. Ya ambaci Katsina da Zazzau da Zamfara, da Kano mai hatsi da shinkafa da auduga. Masana tarihi da yawa suna ganin wani sashe na wannan labari daga bakin fatake ya ji shi. Ya ma yi babban kuskure ɗaya, ya ce kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai, yamma yake gangarawa. Turawa sun daɗe suna riƙe da wannan magana, har 1796, da Mungo Park ya tsaya bakin kogin a Segu ya ga ruwa gabas ya nufa.

A 1517 yana Masar, shekarar da Turkawa suka ci ƙasar. A 1518 ya shiga jirgin ruwa zai koma gida, sai ƴan fashin teku na Ispaniya suka kama jirgin. Da suka ga malami ne mai sanin ƙasashe, ba su sayar da shi kamar sauran bayi ba. Suka kai shi Roma, suka miƙa shi ga Paparoma Leyo na 10. Aka tsare shi fiye da shekara ɗaya a wani babban soro, ana kawo masa littattafan Larabci, ana koya masa addinin Kirista. Ran 6 ga Janairu 1520 Paparoma da kansa ya yi masa baftisma, ya ba shi sunansa, Yohana Leyo. Leyo ma'anarsa zaki. Shi ya sa Turawa suka san shi da sunan Leyo ɗan Afirka. Bayan haka ne aka sake shi.

Masana sun rabu a kan wannan al'amari. Wasu suna ganin da gaske ya karɓi sabon addinin, wasu suna ganin fursuna ne da ya nemi mafita. Shi kansa ya kawo wata tatsuniya a littafinsa, ta wani tsuntsu mai iya zama a sama da cikin ruwa. In sarkin tsuntsaye ya zo karɓar haraji, sai ya faɗa ruwa ya ce shi kifi ne. In sarkin kifaye ya zo, sai ya tashi sama. Alhasan ya ce haka shi ma yake yi: in ana zagin mutanen Afirka ya ce a Garnada aka haife shi, in ana zagin na Garnada ya ce a Afirka ya girma.

A Italiya ya koyar da Larabci. A 1524, a garin Bolonya, shi da wani likita Bayahude mai suna Yakubu Mantino suka yi aikin ƙamus na Larabci da Ibrananci da Latin. Amma babban aikinsa shi ne littafin bayanin Afirka, wanda ya gama ran 10 ga Maris 1526, da Italiyanci, harshen da ya koya da girmansa. A ciki ya bi gari-gari yana faɗin abin da mutane ke nomawa, da abin da suke ci, da tufafinsu, da bikinsu, da ibadarsu. Wani wurin ya ɗan yi wa mutanensa tsiya, don ya ce cin abinci a ƙasa, da hannu, cikin akushi ɗaya, bai kai na manyan Turawa tsari ba. Kada mu manta, a gidan Turawan yake zaune yana rubutun, su ne kuma za su karanta.

A 1527 sojojin sarki Sharl na 5 suka auka wa Roma suka washe ta. Wani malamin Jamus na wancan zamani ya rubuta cewa Alhasan ya koma Tunis, ya koma kan Musulunci. Littafinsa ya rage a Italiya. An buga shi a Benis a 1550, aka juya shi zuwa Faransanci da Latin a 1556, da Ingilishi a 1600. Wajen shekara 300 Turawa suna buɗa shi in suna son sanin Tumbutu ko Agadas ko Kano. A 1931 aka gano wani kwafinsa na rubutun hannu, mai shafi fiye da 900, a wani ɗakin ajiye littattafai na birnin Roma.