Tarihin Felix Wankel, Bajamushen da ya ƙera inji maras fistan

Felix Wankel shi ne mutumin da ya ƙirƙiro injin mota mai juyawa, wanda ba shi da fistan ko ɗaya. Bai yi karatun jami'a ba, bai kuma taɓa mallakar lasisin tuƙi ba saboda raunin gani, amma har yau da sunansa ake kiran wannan inji.

An dai haifi Felix Wankel ne a ranar 13 ga watan Agustan shekara ta 1902 a garin Lahr da ke yankin Baden, a kudu maso yammacin Jamus. Mahaifinsa jami'in kula da gandun daji ne, kuma an kashe shi a fagen daga a shekarar 1914, a farkon yaƙin duniya na ɗaya. Daga bisani mahaifiyarsa ta koma da shi birnin Heidelberg, inda ya bar makarantar sakandare a shekarar 1921 ba tare da takardar kammalawa ba. Ya kama aiki a wani kamfanin buga littattafai, ya kuma koya wa kansa ilimin injuna a wani ɗan garejin da suka buɗe shi da abokansa a shekarar 1924.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda injin da aka saba da shi yake aiki. Fistan yakan hau ya sauka, kowane lokaci sai ya tsaya cak kafin ya juya baya, sa'an nan a mayar da wannan kai da komowa zuwa juyi. Wankel na ganin hakan ne ke haddasa jijjiga da asarar ƙarfi, don haka ya ƙudiri aniyar ƙera injin da zai riƙa juyawa kai tsaye. A shekarar 1929 ya samu takardar mallakar fasaha ta farko.

Shigarsa jam'iyyar Nazi

Tarihin Wankel yana da tabon da ba ya ɓoyuwa. Tun yana matashi ya shiga wata ƙungiya mai aƙidar ƙyamar Yahudawa, ya kuma zama ɗan jam'iyyar Nazi tun a farkon shekarun 1920, inda ya jagoranci ƙungiyoyin matasa. Saɓanin da ya samu da Robert Wagner, shugaban jam'iyyar a yankin Baden, ya sa aka kore shi a shekarar 1932, aka kuma tsare shi har tsawon watanni shida a shekarar 1933. Wilhelm Keppler, mai ba Adolf Hitler shawara kan tattalin arziki, shi ne ya sa baki aka sake shi.

Duk da haka bai raba gari da gwamnatin ba. An buɗe masa cibiyar bincike a garin Lindau da ke gaɓar tafkin Bodensee, inda ya riƙa ƙera bawul mai juyawa da kayan toshe yoyo domin injunan jiragen saman yaƙi da makaman ƙarƙashin ruwa. A shekarar 1940 aka shigar da shi rundunar SS, kafin a cire shi bayan shekaru biyu. Da yaƙin ya ƙare a shekarar 1945, sojojin Faransa suka tsare shi na wasu watanni, suka rufe cibiyarsa, suka kuma hana shi aikin bincike na wani lokaci.

Yadda injin yake aiki

A shekarar 1951 Wankel ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin babura na NSU da ke garin Neckarsulm, kuma a ranar 1 ga watan Fabrairun 1957 injinsa na gwaji ya tashi a karon farko. To sai dai samfurin da ya shiga motoci wani injiniyan kamfanin ne, Hanns Dieter Paschke, ya sauƙaƙa shi, lamarin da bai yi wa Wankel daɗi ba.

A cikin injin akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Kusurwoyin suna manne da bango, suna raba gidan zuwa ɗakuna uku da ke faɗaɗa suna tsukewa. A haka ake shaƙar mai da iska, a matse su, a ƙona, sa'an nan a fitar da hayaƙi. Duk juyi ɗaya da ƙarfen ya yi, sandar injin takan yi juyi uku. Injin ƙarami ne, ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, kuma yana gudu lami lafiya ba jijjiga.

Kamfanonin duniya sun yi rububin sayen izinin ƙera shi. Curtiss-Wright na Amurka ya saya a shekarar 1958, Toyo Kogyo na Japan mai ƙera motocin Mazda a shekarar 1961, kana General Motors a shekarar 1970. NSU ya fitar da motar Spider a shekarar 1964, sai kuma Ro 80 a shekarar 1967, wadda aka zaɓa motar shekara ta nahiyar Turai a 1968.

Matsalolin da siffarsa ta jawo

Siffar da ta ba injin fifiko ita ce kuma ta jawo masa cikas. 'Yan siraran ƙarafan da ke bakin kusurwoyin uku, masu hana iska sulalewa daga ɗaki zuwa ɗaki, sun riƙa cinyewa da wuri a motocin Ro 80 na farko. Kuɗin sauya wa masu saye injuna kyauta ya durƙusar da NSU, har Volkswagen ya saye shi a shekarar 1969 ya haɗe shi da kamfanin da ya zama Audi.

Matsala ta biyu ta shafi kunna wuta. Ɗakin da mai ke ƙonewa dogo ne kuma siriri, ga shi yana tafiya, don haka wuta ba ta game shi da sauri. Wannan ne ya sa Mazda ya sanya fulogi biyu ga kowane ƙarfe mai juyawa, na farko ya kunna, na biyu ya biyo baya domin ƙone ragowar. Idan layin fulogi na biyu ya mutu, motar takan ci gaba da tafiya, ta yadda direba ba lallai ya lura da wuri ba. A tsofaffin motocin RX-7, agogon da ke nuna saurin juyin inji yana karɓar saƙonsa ne daga kwayil, shi ya sa idan allurarsa ta faɗi ko ta fara tsalle, kanikawa kan fara da duba kwayil da wayoyinsa kafin su zargi agogon. Kazalika idan tartsatsi ya yi rauni, ko aka kashe injin bai yi zafi ba, fetur kan jiƙa fulogi har motar ta ƙi tashi.

Ga kuma shan mai da yawan hayaƙi, domin da gangan injin ke ƙona baƙin mai kaɗan saboda kusurwoyin su samu santsi. Tashin farashin mai na shekarar 1973 da tsauraran dokokin hayaƙi sun sa galibin kamfanonin suka janye. An daina ƙera Ro 80 a shekarar 1977.

Mazda ne ya dage. Injiniyoyinsa, ƙarƙashin jagorancin Kenichi Yamamoto, sun inganta ƙarafan bakin kusurwa suka fitar da Cosmo Sport a shekarar 1967, sai RX-7 daga 1978 zuwa 2002, da RX-8 daga 2003 zuwa 2012. A shekarar 1991 motarsa ƙirar 787B ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa, karon farko ke nan da wani kamfanin Japan ya yi hakan.

Ƙarshen rayuwarsa

Shi kuwa Wankel ya samu dukiya mai yawa daga kuɗin izinin fasaharsa, kuma a shekarar 1971 shi da abokin kasuwancinsa suka sayar da kamfaninsu ga Lonrho na Birtaniya. Jami'ar fasaha ta birnin Munich ta ba shi digirin girmamawa a shekarar 1969. Ya mallaki motar Ro 80, amma direba ne ke tuƙa shi. Ya kashe wani ɓangare na dukiyarsa wajen kare dabbobi, ya kuma kafa lambar yabo ga masu binciken da ke rage gwaji a kansu.

Ya auri Emma Kirn a shekarar 1936, ba su kuma samu haihuwa ba. Ya mutu a birnin Heidelberg ranar 9 ga watan Oktoban 1988 yana da shekaru 86. Shekaru 35 bayan mutuwarsa, wato a 2023, Mazda ya sake dawo da injin a motar MX-30, inda aikinsa shi ne juya janareta domin cajin batir.